Littafin da Ya Bi Hanyar Fezzan

 Ku da ke ruga kuna jiran sanyin la'asar ku kora dabbobi rijiya, da ku da ke tashar Agadas kuna jiran lodi, da ku da ke zaune a Gatrun ko Murzuk ko Sabha kuna neman na kai, wannan takarda ta tattaro muku abin da muka tattauna ne a filin tarihi. Maganar yau a kan wani littafi take, da gidajen da suka riƙe shi.

Na san yawancinku Musulmi ne, kuma ba wa'azi na zo yi muku ba. Amma duk wanda ya yi zaman Sabha ya taɓa haɗuwa da wani leburan gini, ko mai gadin gona, ko bakanike, ɗan Filato ko kudancin Kaduna ko ɗan wajen Maraɗi, wanda in dare ya yi sai ya zaro wani littafi mai baƙin bango daga ƙasan jaka, ya karanta da Hausa a hankali. Littafi Mai Tsarki ke nan, wanda wasu ke kira Baibul. Shi mai karatun ma sau da yawa bai san cewa Hausar farko da aka zuba cikin littafin nan ta wannan hanya ta ratsa ba, ta Bilma da Tummo da Murzuk, a bakin wani yaro ɗan ƙasar Damagaram.

Kafin mu kai ga yaron, bari mu ɗan koma baya, don ƙasar Libiya ba baƙuwa ba ce a cikin littafin. A Linjilar Markus, sura ta 15, an ambaci wani mutum da sojojin Roma suka tare a hanya suka tilasta masa ɗaukar gicciyen Yesu. Sunansa Saminu, mutumin Kurane. Kuranen nan ita ce kangon birnin da ke Shahat a gabashin Libiya, kan Jabal Akhdar. Markus bai tsaya ga sunan mutumin ba, har ya ƙara da na 'ya'yansa biyu, Iskandari da Rufas. Masana littafin sun daɗe suna cewa ba ka ambaton 'ya'yan mutum a rubutu sai in masu karatunka sun san su. Wato abin da uban ya gani a rana ɗaya, a kan hanya, bai tsaya a kansa ba, ya shiga gidansa. Ka riƙe wannan, za mu sake bi ta kansa.

Nan cikin Fezzan kuwa, in ka bar Sabha ka yi yamma kan hanyar Ubari kamar kilomita 150, za ka iske Jarma. Can ne babban birnin mutanen da Romawa ke kira Garamantes, waɗanda suka haƙa ɗaruruwan hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suna noman alkama da dabino a tsakiyar hamada. Wani marubucin tarihi na ƙasar Andalus, Yohanna na Biklaro, ya rubuta cewa a shekarar 569 mutanen nan sun aika manzanni wurin Rumawa suna neman zaman lafiya da shiga addinin Kirista, aka kuwa amsa musu. To, ina abin ya tafi? Masu tonon kayan tarihi sun yi shekaru suna aiki a Jarma, sun sami kaburbura da gidaje da tukwane, ba su sami majami'a ba. Bayan kamar shekara ɗari Uƙba bin Nafi'u ya iso Fezzan har ya zarce Kawar, Musulunci ya kafu sannu a hankali, ya zauna daram har yau. A ganina abin da ya faru a 569 yarjejeniyar sarakuna ce. Ta tsaya a fada, ba ta shiga ɗakin uwa ba.

Na biyu ya fi wannan ban tausayi. A 1710 wasu limaman Katolika biyu na ɗarikar Faransis, Karlo na Jenoba da Seberino, suka tashi daga Tarabulus don sun ji labarin wai akwai Kiristoci a ƙasar Kwararrafa. Suka ratsa Fezzan, suka sauka Agadas, suka kai Katsina. Can ciwo ya kama su, suka mutu a 1711. Wani bafatake Musulmi da suka yi tafiya tare shi ya mai da labarin mutuwarsu Tarabulus. Ba su bar littafi ba, ba su bar gida ko ɗaya da ke bin abin da suka zo da shi ba. Jarumtaka dai sun yi ta, wanda ya san hanyar nan ba zai raina musu ba.

Yanzu ga yaron.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne kuma makaɗi. Zamanin kuwa na hari ne, kowa ya kwana bai san ko zai tashi a gidansa ba. Yaƙi ya watsa gidansu, aka kama shi yana ɗan yaro, aka kai shi Damagaram, daga can aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno. A Kukawa ne wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu. Da shi suka je Sakkwato, suka je Tambutu, suka komo Kano, suka sake sauka Kukawa.

A 1855 suka ɗauki hanyar arewa. Ku direbobi da fatake kun san zangunan: Bilma, Dirku, Tummo, Tajarhi, Gatrun, Murzuk. Abin da Hilux ke cinyewa yau cikin 'yan kwanaki, su sai da suka yi wajen wata biyu a kan raƙuma kafin su ga dabinon Murzuk. Cikin amintattun Barth a tafiyar akwai wani Musulmi ɗan Gatrun, Muhammadu Gatruni, wanda ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Tsakanin Tummo da Tajarhi akwai rijiyar Mashru. Turawan da suka bi ta wurin a 1822, su Denham da Clapperton, sun rubuta cewa sun ga ƙasusuwan mutane fiye da ɗari kewaye da ita, bayi ne da ƙishirwa da gajiya suka kayar. Ka yi tunani, yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya ɗanɗani bauta, yana wucewa ta wurin yana ɗa, alhali sa'o'insa da dama a ɗaure suka bi hanyar. Daga Murzuk suka kama hanyar Sokna, wadda ke ratsawa ta Sabha, lokacin tana ɗan ƙaramin zango mai dabino. Suka kai Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, watan Satumba na 1855 suna Landan.

A Ingila akwai wani fasto Bajamushe, James Frederick Schön, wanda Hausa ta shiga ransa tun tafiyar da ya yi a kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Har ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Matsalarsa ɗaya: bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, a bakin 'yantattun bayi na Saliyo ya tsinci abin da ya sani. Da ya sami Dorugu sai ya zama kamar maƙeri ya sami gawayi. Yaron ya zauna a gidansa a Chatham, ko da yake Barth bai ji daɗin haka ba, har suka yi sa-in-sa da Schön a kan maganar. Kullum sai a zauna, Dorugu na faɗi, Schön na rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, labarin tafiyarsa, da yadda ake faɗin kaza da kaza da Hausa. Da wannan aka buga Linjilar Matiyu a 1857, Littafin Farawa a 1858, nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880. Labarin rayuwar Dorugu da bakinsa yana cikin littafin Magana Hausa na 1885, kuma yana cikin tsofaffin labaran rayuwa da muke da su da Hausar boko.

Akwai abin da nake so ka lura da shi a nan. Cikin Littafin Farawa ne labarin Yusufu yake, yaron da aka raba da ubansa, aka sayar wa ayarin fatake, aka ƙetare hamada da shi zuwa Masar. Ku Musulmi kun san shi sarai a Suratu Yusuf. Wanda ya taimaka aka fara sa labarin nan cikin Hausar Littafi Mai Tsarki yaro ne da aka raba da ubansa, aka sayar, ya ƙetare hamada. Schön ya san Ibrananci da Helenanci, amma kalmar rijiya da ayari da bawa da kewar gida, Dorugu ne ya san nauyinsu.

An yi wa Dorugu baftisma a 1857 da sunan James Henry. Abbega ma an yi masa, ya riga shi komowa Afirka, daga baya ya koma Musulunci, har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya dawo a 1864, ya yi shekaru yana aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Shi Ɗan Hausan ma, wato Hanns Vischer, ta Murzuk ya ƙetaro daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. Hanyar nan dai ba ta rabuwa da labarin.

Sai dai littattafan Schön kusan a banza suka zauna. An buga su da haruffan boko a lokacin da masu karatun ƙasar Hausa ajami suka sani, Hausar cikinsu kuma ta yaro ce da ya bar gida da wuri, ta bi ta kunnen Bajamushe. Littafi ya samu, gidan da zai karanta shi babu.

Saboda haka 'yan mishan na Ingila suka sake dabara. Tun da shiga Kano da wuya, sai su je inda Hausawa suke a bakin teku. Tarabulus a lokacin tana da Hausawa da yawa, alhazai masu wucewa, da fatake, da 'yantattun bayi. Charles Robinson ya koyi Hausa a Tarabulus da Tunis kafin ya isa Kano a ƙarshen 1894. Bayansa wani matashin likita, Walter Miller, ya sauka Tarabulus gab da ƙarshen ƙarnin don koyon harshen. A can ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid, ana ce masa Audu, wanda ya taso aikin hajji da ubansa ta cikin hamada, uban ya rasu a hanya. Ga yaro na biyu ke nan da hanyar Sahara ta mayar maraya, shi ma ya zama bakin da Bature ya koyi Hausa a wurinsa. Daga baya ya bi Miller har Zariya.

A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci su Miller suka isa Kano. Sarkin Kano Alu ya ce bai gayyace su ba, su fice. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, ɗayansu ya mutu a can. Sai 1905 Miller ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya canza lamarin daga cikin ƙasar ya fito. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman fada suka yarda. An kashe shi a Kano, almajiransa suka watsu, da yawansu suka nufi ƙasar Ningi. Su ake kira Isawa. Ba su da majami'a, ba su da fasto, ba su da Linjila a hannu. Abin da suke da shi kawai uba ya gaya wa ɗa, uwa ta gaya wa 'ya. Haka suka riƙe abin wajen shekara arba'in da wani abu. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iso wurin Miller a Zariya. Aka kafa musu gari a Gimi, suka yi gonaki, suka yi makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna da su. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin. Ku makiyaya kun san ƙudan tsando da sammoren da yake sa wa shanu, to shi ne ya cinye Gimi. Mutane suka mutu da yawa, aka kwashe yaran da suka rage zuwa Zariya.

Daga waɗannan yara, da irin su Audu, da wasu 'yan tsiraru na birni, gidajen Kiristocin Hausa na farko suka tashi. Suka yi aure a tsakaninsu, suka haifa. A 1929 mishan ta koma Wusasa a bayan gari, aka gina majami'ar Bartalamawas da jar ƙasa irin ginin Hausa, tana nan har yau. Sannan a 1932 Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa, Miller ne jigon aikin, tare da Hausawan da suka yi shekaru suna tace masa kalma. Wannan karon littafin ya iske gidajen da ke jiransa. Ka dubi abin da ƙaramin wuri kamar Wusasa ya fitar: Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi da Rupert East. Janar Yakubu Gowon ma a can ya girma, ubansa mai bishara ne. Ba don yawan jama'a ba ne. Gidaje ne da ake tashi da asuba a yi addu'a, a karanta sura, a tura yaro makaranta, mace da namiji.

Littafin 1932 bai tsaya ga Hausawa ba. Angasawa da Birom da Bajju da Tangale da Bachama da wasu ƙabilu masu yawa suka ɗauke shi ya zama littafin sujadarsu, shi ya sa za ka ji ɗan Filato na addu'a da Hausa ko da yana da harshensa. A Nijar mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, duk da wannan littafi. An sake sabuwar fassara a 1979. Tsofaffin cikinku kuma za su tuna Muryar Bishara, wadda ake shirya wa shirye-shiryen Hausa a Jos ana watsawa daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Fulani na da tasu, Sawtu Linjiila, daga Ngaundere.

To, mu komo Sabha ta yau, inda littafin ya dawo cikin jakar lebura, ta hanyar da Hausarsa ta bi ta fita.

Zaman Kirista a Libiya zaman baƙo ne. Babbar majami'ar Katolika ta Tarabulus an mai da ita masallaci tun 1970, wadda ake taruwa a cikinta yanzu ita ce ta San Faransisko a unguwar Dahra, fiye da kilomita 700 daga Sabha. Ranar Juma'a ake yin babbar sujada, don ita ce ranar hutu. A kudu kuwa taron masu bi ƙanana ne, na baƙi 'yan Afirka, yawanci a ɗaki ko a tsakar gida. Yi wa ɗan ƙasa wa'azi na iya kai mutum kurkuku, kowa ya san wannan. Kowa kuma na tune da mutum 21 da 'yan Da'esh suka yanka a gaɓar Sirt a 2015, Kibɗawan Masar ashirin da wani baƙar fata ɗaya ɗan Afirka ta Yamma. Ga kuma abin da bai tambayi addinin kowa ba: gidan bashi. A watan Afrilu na 2017 hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton ana sayar da baƙi a Sabha, ana tsare su ana dukansu a kira iyayensu a waya su ji kuka su aiko kuɗi. Musulmi sun sha wannan, Kirista sun sha. Wasunku masu karanta takardar nan sun haɗa kuɗi sun fanshi ɗan'uwa.

A irin wannan wuri, ba makarantar Lahadi, ba Zumuntar Mata mai ganga da kayan ɗinki iri ɗaya, ba kaka a kusa. Abin da ikkilisiya ke yi wa yaro a Jos ko Maraɗi, a Sabha ya koma kan uba da uwa su kaɗai. Ni dai a nan nake ganin amfanin tarihin da muka bi. Jarma ta sami yardar sarki, ba ta bar komai ba. Isawa ba su da komai sai bakin iyaye, suka kai shekara arba'in. Mai iyali a Sabha ya fi kusa da Isawa, har ya fi su da abu ɗaya, shi yana da littafin a hannu, da harshen da matarsa da 'ya'yansa ke ji.

Wuraren da masu bi ke yawan komawa a zaman baƙunci sanannu ne. Akwai Yusufu, wanda muka ambata, da yadda bai bar ɗaci ya cinye shi ba har ya ciyar da 'yan'uwan da suka sayar da shi. Akwai Hajaratu a Farawa sura ta 21, ruwan salkarta ya ƙare a jeji, ta ajiye ɗanta Isma'ilu ƙarƙashin wani ɗan kurmi ta koma gefe don kada ta ga mutuwarsa, Allah ya ji kukan yaron ya nuna mata rijiya. Macen da ta ƙetare Tenere da goyo, mota ta lalace musu tsakanin Dirku da Madama, ba ta bukatar a yi mata fassarar wannan sura. Kuma labari ne da maƙwabciyarta Musulma ta sani, da shi ake safa da marwa. Sau da yawa a kan irin waɗannan labarai ne hira ke haɗa mata biyu da ke girki a tsakar gida ɗaya.

Amma wanda na fi so mai iyali ya zauna a kansa shi ne wasiƙar annabi Irmiya, sura ta 29. Mutanensa an kwashe su zuwa Babila, suna zaune da kaya a ɗaure, wasu na yi musu alkawarin ƙarya wai gobe-gobe za a koma. Irmiya ya aika musu cewa zaman zai yi tsawo, su gina gidaje, su shuka lambuna, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi alherin garin da suke ciki su yi masa addu'a, don lafiyarsu na ɗaure da lafiyarsa. Maganar na da nauyi ga wanda aka zalunta a garin. Tana kuma taɓa wani ciwo namu. Mutum ya zo Sabha da niyyar wata shida, ya shekara bakwai, kullum yana cewa in na koma gida zan sa yaran a hanya. Yaron da aka zo da shi a goye ya fara fita aiki, bai taɓa jin ubansa ya buɗe littafi ba. Tarbiyya ba ta jiran a koma gida. Wannan kuwa ko malamin allo zai gaya maka haka.

Sai maganar harshe. Yaron da ya tashi a Gurda ko Mahadiyya ko Tayuri Larabci zai fi kamawa, kuma ba laifi ba ne, zai amfane shi a kasuwa da wurin aiki. Amma in Hausa ta kuɓuce masa, littafin da ke cikin jakar ubansa ya zama kamar na Schön, akwai shi, ba mai karantawa. Yaron da ba shi da takarda kuma shigarsa makarantar gwamnati sai an sha wuya. Don haka littafin nan kan yi aiki biyu a gida, a yi sujada da shi, a koyi baƙi da wasali da shi. Haka aka yi a Gimi da Wusasa, haka aka yi a ƙauyukan Filato. Aya ɗaya da safe kafin a fita, yaro ya bi da yatsa. Wanda bai iya karatu ba, yanzu akwai littafin da murya, ana sa shi a katin waya kamar yadda ake sa karatun Alƙur'ani ko waƙa.

Da yawanku kuma iyalin na gida, ku ne a nan. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, ya danganta bangaskiyar saurayin ga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, uban bai shigo lissafin ba. Gidajen 'yan ci-rani da yawa haka suke, uwa da kaka ke riƙe da komai. Saminu Bakurane shi ma matafiyi ne, a ƙasar wasu abin ya same shi, amma ya kai shi gida har aka san 'ya'yansa da suna. In ka kira waya ranar Juma'a, bayan an gama maganar kuɗin da ka aika ta hannun direba da farashin buhun hatsi, ka ce a ba ka yaran. Ka tambaye su abin da suka karanta. Ka gaya musu abin da kai ka karanta.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, amma ga wanda aka haifa a hanya yana da girma. Tsohuwar al'ada ce a gidajen masu bi a rubuta sunayen 'ya'ya da ranar haihuwarsu a farar takardar farkon littafin. Yaron da aka haifa a Sabha ba tare da takardar asibiti ba, wata rana wannan shafi ne kaɗai zai nuna ranar da ya zo duniya. Ka rubuta sunansa da ranar. Ka ƙara da sunan ubanka da na uwarka, da sunan ƙauyenku da gundumar da yake, ka kuma sa yaron ya haddace su tun yana ƙarami, don littafi na iya salwanta a shingen bincike ko a gidan bashi. Dorugu ya bar gida bai fi shekara goma sha biyu ba, ya zaga Kukawa da Tambutu da Murzuk da Landan, amma da ya zauna gaban Schön ya kawo sunan ubansa da sunan Dambanas. Da wannan ne masu bincike suka gane ɗan ƙasar Kance ne.